MAZUBI ƊAYA A TASKAR KAWU

Shafi na 19

Na karanta saƙonninku. Masu cewa Yaya ba ya ƙaunar ƙanwarsa, ku ɗan riƙe wannan hukuncin tukuna. Mutum yana iya ƙin shawararka ba tare da ya ƙi ka ba. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, har yau ban ga ƙarshenta ba.

Ga inda muka kwana. Auta, ƙanwar Yaya, ta sake fasalin manhajar gidan wanki yadda duk kantocin karɓar kaya za su riƙa fitar da tikiti a lokaci guda, ba sai wannan ta jira waccan ba. Masu sana'ar suna kiran wannan aiki da zare da yawa, kowace kanta da zarenta. Layi ya ragu, kowa ya ji daɗi, sai kwatsam aka fara samun ƙunshin kaya biyu ɗauke da suna ɗaya. Mai Wanki, matar da ke da gidan, ta ce in ba a gano matsalar ba kafin ta rufe shago yau, a cire aikin Auta gaba ɗaya a koma tsohon tsari. Auta ta rantse ɓarnar tana cikin taskar Kawu. Taskar kuwa ba mai taɓa ta sai da izininsa.

* * *

Kawu bai ɗago kai ba da suka shigo. Yana kan kujerarsa mai matashi biyu, hancinsa ya kusa taɓa allon kwamfuta. Haruffan da ke kai kowanne ya yi girman ɗan yatsa, saboda idonsa ya yi rauni.

"Takun mutum biyu nake ji," in ji shi. "Ɗaya na sauri, ɗaya na jan ƙafa. Auta ce ta kawo ƙara, yayanta ya rako ta ba da son ransa ba."

"Sannu da hutawa, Kawu."

"Wa ya ce miki hutawa nake? Ku zauna. Kai, ba a kan wannan ba, tana da sauran rai."

Yaya ya miƙe daga kan tsohuwar kwamfutar da ya kusa mayarwa kujera. Ɗakin cike yake da irinta, an jera su har kusa da rufi. Kawu ba ya zubar da injin da ya taɓa cin abinci da shi.

Inna, matar Kawu, ta turo ƙofa da ƙafa, farantin shayi a hannunta. Tun kafin ta ajiye take dariya.

"Ashe ku ne kuka yi wa tuzurun nan haihuwa?"

Auta ta rufe fuska. "Inna, har nan labarin ya iso?"

"Har nan? Mutum bai taɓa aure ba, a kawo masa ƙunshin rigunan jarirai har ƙofar gida, da sunansa ɓaro-ɓaro a jiki. An ce maƙwabta sai shigowa suke suna yi masa barka."

"Ya ce zai ajiye su," in ji Yaya, "wai ko Allah zai sa su zama sanadi."

Kawu ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa. Sannan ya juyo da kujerar.

"To, ƴar ƙanwata. Wa kike ƙara?"

Auta ta gyara zama.

"Ɗan aikenka, Kawu."

Haka Kawu ke kiran kowane guntun rubutu da ke cikin taskarsa. Ka kira shi, ka ba shi saƙo, ya dawo maka da amsa. Taskar ita ce tarin waɗannan ƴan aike. Shi kaɗai ya rubuta ta tun Auta tana rarrafe, ba malami ba makaranta, kuma masu rubuta manhaja da dama a kanta suka jingina aikinsu.

"Wanne daga ciki?"

"Mai haɗa tikiti."

"Wannan?" Kawu ya ɗaga gira. "Wannan ya fara aiki ba ki san hagu da dama ba. Bai taɓa dawo min da ƙarya ba."

"Na sani."

"Kin kuma san dokar ɗakin nan."

"Na sani, Kawu."

"Faɗe ta in ji."

Auta ta sauke numfashi. "Kuskuren da ba a iya kiransa ya amsa, jita-jita ne."

"Madalla. To kira shi. Ina zaune."

Ta buɗe kwamfutarta a kan cinya. Ta riga ta shirya gwaji tun a ofis: zare biyu, kowanne yana aiken mai haɗa tikiti, ɗaya da sunan "tela", ɗaya da sunan "direba". In sunan wani ya fito a tikitin wani, allon zai yi ja, in kuma lafiya lau, ya yi kore.

Ta danna.

Kore.

Ta sake dannawa.

Kore.

"Karanta min, ba na gani daga nan," in ji Kawu.

"Ya wuce lafiya," ta ce a hankali.

"Me? Kunnena ma ya fara bin ido."

"Na ce ya wuce lafiya!"

"Alhamdulillahi. Sake."

Ta sake. Ta ƙara yawan zaren. Ta ƙara yawan tikitin. Ta bar shi yana ta gudu har shayin da ke gabanta ya daina tururi. Allon nan ko ɗigon ja babu.

Inna ta jingina da ƙofa. "Irin ciwon haƙori ke nan. Ya hana ka sakat a gida, kana isa ƙofar likita ya ce shi bai san zancen ba."

"Wallahi da safe ya yi," in ji Auta. "Da idona na gani. Yaya, ba ka gani ba?"

"Na gani," in ji Yaya. "Sau ɗaya, bai kuma sake ba. Shi ya sa na ce a koma zare ɗaya. Kawu, ni ban ce aikinta ba shi da kyau ba. Amma kayan mutane ne. Abin da ba mu san lokacin da zai tashi ba, ba za mu bar shi a shagon wata ba."

Auta ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Ya kawar da kai.

"Ku tsaya," in ji Inna. "Ni fa kun bar ni a baya. Me ɗan aiken malam ya yi ne?"

Auta ta jawo farantin shayin, ta kwashe kofunan.

"Inna, ɗan aiken nan mazubi ɗaya gare shi, kamar farantin nan. In na aike shi, sai ya rubuta tikitina a ciki, ya ce min ga shi can, je ki ɗauka. In ni kaɗai ce, shi ke nan. Amma in Yaya ya aike shi kafin hannuna ya kai, sai ya goge nawa ya rubuta na Yaya a wuri ɗaya. Ni kuma in zo in ɗauki na Yaya ina zaton nawa ne."

"To me ya hana shi yi yanzu?"

"Tsakanin ya ajiye da in ɗauka bai kai ƙiftawar ido ba. Sai an yi rashin sa'a wani ya faɗo daidai wannan tsakanin."

"Bayani mai daɗi," in ji Kawu. "Da bayani ake buɗe taskar nan, da tuni ta zama kasuwa. Ni ido nake so ya gani, ko da irin nawa ne."

Wayar Yaya ta yi ƙara. Ya duba.

"Mai Wanki ce. Ta ce rana ta yi sanyi, tana jiran magana ɗaya: a bari ko a cire."



Auta ta sake dannawa. Kore. Aikin nan ta ba shi watanni, ta ba shi hutunta, ta ba shi bikin ƙawarta da ba ta je ba. Ga shi zai tafi saboda abin da ta san yana nan, amma ya ƙi fitowa.

Yaya ya tashi kamar zai miƙe ƙafa. Ya zagaya bayan kujerar Kawu, ya tsaya yana kallon tsofaffin injinan.

Sai ya juyo.

Ya haɗa tafukansa biyu, ya kwantar da kumatu a kai, ya lumshe ido.

Auta ta harare shi. Wato har barci yake ji don ta ɓata masa lokaci?

Ya girgiza kai da sauri. Ya nuna kwamfutarta. Ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya miƙa hannu kamar zai ɗauki abu a faranti, ya tsayar da hannun a iska, ya sake kwantar da kai yana minshari mara sauti.

Inna ta toshe baki da gefen mayafinta.

Bakin Auta ya buɗe.

Ta faɗa kan madannan kwamfutarta kamar mai jin yunwa.

"Me kike taɓawa?" in ji Kawu. "Na ji yatsunki sun canza kiɗa."

"Nawa nake taɓawa, ba naka ba. Layi ɗaya kawai."

"Na me?"

"Zan sa zaren farko ya ɗan yi barci. Bayan ɗan aikenka ya ce ga tikiti can, kafin ya kai hannu ya ɗauka. Ƙiftawar idon nan zan ja ta ta yi tsawo."

Kawu ya daina motsi.

"Danna," ya ce.

Ta danna.

Ja.

"Direba," ta karanta. "Direba. Tikitin tela ya fito da sunan direba!"

"Sake."

Ja.

"Sake!"

Ja. Ja. Allon ya cika da ja daga sama har ƙasa.

Auta ta yi tsalle har kwamfutar ta kusa faɗuwa, Yaya ya tare ta da hannu ɗaya. Inna tana ta tafi ba tare da ta gama gane abin murnar ba.

"Yau na ga ikon Allah," in ji Inna. "Abu ya lalace ana rawa."

"Cire barcin," in ji Kawu.

Ta cire. Kore.

"Mayar."

Ja.

Kawu ya sa aka miƙo masa kwamfutar. Ya kai fuskarsa dab da allon har jan ya haska masa gilashi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke ƙarewa da tari.

"Ashe kana nan, ɗan banza! Duk shekarun nan kana kwance a ɗakina kana shan inuwa!"

"Ba ka ji haushi ba, Kawu?" in ji Auta.

"Haushin me? Wanda ya nuna maka maciji a ƙarƙashin gado ai ba shi ya ajiye shi ba." Ya share hawayen dariya. Can kuma ya shafa gemu. "Amma ku gaya min. Laifin wa?"

"Kawu, Mai Wanki tana jira," in ji Yaya.

"Ta jira. Lokacin da na rubuta yaron nan, hannu ɗaya ke aikensa. Ya ce zan ajiye maka amsa a mazubina, ya ajiye. Ya saɓa?"

"Bai saɓa ba," in ji Auta.

"Ke kuma kin ga mutane suna tsaye a layi da kaya a ka, kin ƙara hannaye. Kin yi laifi?"

"Ban yi ba."

"To ga ɓarna, ga tuzuru da rigunan jarirai, kuma ba mai laifi." Ya girgiza kai. "Irin wannan na fi tsoro. Mai laifi ana kama shi a huta. Wannan kuwa kowa da gaskiyarsa, a tsakaninsu abin ke faɗuwa."

"Malam," in ji Inna, "in ka fara wannan sai shayi ya zama ƙanƙara. Ku gyara wa yarinya abinta."

Yaya ya jawo kujera. "A sa masa kwaɗo. Duk wanda ya shiga wurinsa ya kulle, in ya fito wani ya shiga."

"Ba zai yi ba," in ji Auta. "Ana fitowa kwaɗon ya buɗe, tikitin kuma yana nan a mazubin, ban ɗauka ba. A nan ake goge shi."

"To a riƙe kwaɗon har a gama bugawa."

"Sai kowace kanta ta jira ƴar'uwarta. Mun koma gidan jiya ke nan, layi har bakin titi."

Yaya ya ɗaga hannu. "Na sallama."

"Kawu," in ji Auta, "a canza shi. Kowa ya zo da mazubinsa, ɗan aiken ya zuba masa a ciki."

"A'a."

"Kawu!"

"Ɗan aiken da ya shiga hannun mutane alkawari ne. Akwai waɗanda ban taɓa gani ba suna kiransa yadda na koya musu. In na canza yadda ake kiransa yau, gobe aikinsu ya tsaya, ba su ci ba ba su sha ba. Ba a gyara wa wani ɗaki da rushe na maƙwabci."

Auta ta ciji leɓe. Ta dubi allon, ta dubi farantin.

"To a yi masa ƙani."

"Ƙani?"

"Shi ya zauna yadda yake, ko wasali ba za a taɓa masa ba. A rubuta wani a gefensa, aikinsu ɗaya, amma shi sabon ba shi da mazubin kansa. Wanda ya aike shi ya ba shi nasa. A saman tsohon kuma a rubuta gargaɗi: mai zare fiye da ɗaya ya nemi ƙanin."

Kawu ya jingina. Murmushi ya fara daga gefen bakinsa.

"Tsoho da ni, za a yi min haihuwa."

"Abin ya zama yayi," in ji Inna. "Jiya tuzuru, yau kai."

Kawu ya ture madannansa zuwa gaban Auta. Ba wanda ya taɓa ganin ya yi haka.

"Rubuta. Ki riƙa faɗa da ƙarfi ina ji."

Ta fara. Kawu yana karanto mata tsohon daga ka, layi bayan layi, bai tsallake ko ɗigo ba. Yaya ya leƙo ta kafaɗarta.

"Ki sa ya tambayi girman mazubin. Kada wani ya kawo ƙaramin kofi a zuba masa bokiti."

"Da na tuna."

"Da kin tuna gobe."

"Kawu, ka ga Yaya ko?"

"Ba na gani, kin manta?"

Suka kwashe da dariya su duka.

Da ta gama, ta sa gwajinta ya kira ƙanin. Ta bar barcin a wurinsa. Ta ma ƙara masa tsawo don mugunta.

Ta danna.

Kore.

Ta ƙara zare, ta sa kowanne ya yi barci inda ya ga dama.

Kore. Tela da tikitinsa, direba da nasa.

Yaya ya riga ya kira Mai Wanki, ya sa wayar kowa na ji.

"Ranki ya daɗe, a bari. An kama shi, an ɗaure. Aikin Auta yana nan daram."

"Ka tabbata?" in ji muryar daga wayar. "Kai ne fa da safe kake cewa a cire."

"Ni ne. Yanzu kuma ni nake cewa a bari."

"To ku gaya wa Auta gobe ta zo da kanta. Mai jegon nan tana neman rigunan ɗanta, tuzurun kuma ya ce sai an roƙe shi."

Auta ta zame ƙasa ta zauna a kan tabarma, tana dariya tana share ido. Inna ta tafi sake ɗora shayi, ta dawo da shi da zafinsa.

Kawu bai karɓi nasa ba. Ya cire gilashi, ya riƙe shi a hannu.

"Ku saurara. Idon nan ya gama aikinsa. Ba yau na sani ba."

Dariyar ta ɗauke.

"Na daɗe ina tunanin wanda zan bar wa taskar nan. Gyara ba wuya, duk mai haƙuri zai iya. Ƙanin nan ma da kun kwana biyu da kun hango shi. Abin da nake jira shi ne wanda zai kawo min kuskure a ɗaure, ya ce masa fito ya fito, koma ya koma." Ya nuna inda yake zaton allon yake. "Layin barcin nan. Wanda kansa ya kawo wannan, shi zan ba taskata, da duk ƴan aiken da ke cikinta."

Auta ta sunkuyar da kai.

Duk gidan an san wanda ke zuwa ɗakin nan kowane mako ya karanta wa Kawu abin da idonsa ya kasa. An san wanda Kawu ya fara koya wa sana'ar, tun bai kai tsayin teburin ba. Yaya bai taɓa cewa yana so ba. Amma ba a taɓa jin ya kira taskar da wani suna ba sai "tamu".

Ta ɗago ta dube shi.

Yana tsaye a bayan kujerar Kawu, inda ya tsaya ɗazu. Yana murmushi. Ya ɗora yatsa a leɓensa, ya girgiza mata kai a hankali.

Inna ta ajiye butar shayin da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Kawu ya juyo da fuskarsa wajen Auta.

"Abu ɗaya ya rage, ƴar ƙanwata, don ban taɓa ba da abu a kan zato ba. Dabarar nan ta barci, daga kanki ta fito?"

Yaya ya ƙara girgiza kai.

Inna ta ce, "Malam..."

"Ba ke na tambaya ba."

Auta ta buɗe baki.